Gwiwata tana kumbura, malaminmu ya ce in daure: ko zan iya zama mai tsara rawa?

Tambaya: Malama, shekarata 27, ina cikin wata ƙungiyar rawar zamani, burina kuma in zama mai tsara rawa irin Martha Graham, shahararriyar nan 'yar Amurka. Na fara a makare, ga shi yanzu gwiwata ta dama tana kumbura bayan kowane atisaye, wani lokacin har ta riƙe. Malaminmu ya ce ciwo alama ce jiki yana karɓar horo, in sha maganin kashe zafi in ci gaba, wai wadda ba ta fi kowa iya rawa ba ba ta isa ta tsara wa wasu ba. Tsorona kada in huta a wuce ni.

Amsa: Ƙanwata, batun makara ki cire shi a ranki. Ita Graham ɗin sai a 1916 ta shiga makarantar koyon rawa ta Denishawn a Los Angeles, tana da shekara 22, ta kafa ƙungiyarta a 1926. Abin da ya tayar mini da hankali maganar malaminku ce, domin kusan kullum sai na ji irinta, kuma ta nakasa mutane da yawa.

Tsamin jiki daban, ciwon gaɓa daban. Tsamin jiki a tsoka yake, yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki mai nauyi, sannan ya tafi da kansa. Gwiwar da ke kumbura, ta riƙe, ko ta lanƙwashe ba shiri, wannan rauni ne, sau da yawa a guringuntsi ko a jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar. Kin san yadda salon Graham ke da aikin ƙasa da durƙuso da faɗuwa. Idan ƙugu bai buɗe ba aka tilasta wa ƙafa juyawa, gwiwa ce ke biyan bashin. Sai a zo a ce ki haɗiyi ƙwaya kafin atisaye! Ƙwayar ba ta ɗinke abin da ya yage ba, bakin ciwon kawai ta toshe, ke kuma ki ci gaba da dira a kan raunin ba ki ji. Haka masu hawa bayan mutum su danne shi wai suna buɗe masa jiki, da masu yawo da allura a jaka suna soka wa 'yan rawa a gaɓa ba tare da likita ya duba ba. Mutum bai san sunan jijiya ɗaya ba, amma ya iya cewa “daure”. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ita kuma maganar cewa sai gwanar rawa ce ke tsara rawa, rayuwar Graham da kanta ta ƙaryata ta. Ta fi son a san ta a matsayin mai rawa, shi ya sa ta ƙi sauka daga dandali har ta haura shekara 70. Da saukar ta zama dole wajen 1970, sai baƙin ciki da shan giya suka kai ta gadon asibiti. Ta farfaɗo, ta koma aiki a farkon shekarun 1970, ta yi ta tsara sababbin raye-raye da jikin wasu, ga ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa mata yatsu. A 1990 ta fitar da wata rawa mai suna Maple Leaf Rag, ta rasu a 1991 tana da shekara 96. Kusan shekara ashirin ke nan na aiki ba tare da ta taka rawa a gaban jama'a ba.

Merce Cunningham, wanda ya yi rawa a ƙungiyarta kafin ya kafa tasa a 1953, shi ma ciwon gaɓoɓi ya kama shi. Ya koma gwada motsi a kwamfuta tun farkon shekarun 1990, daga baya yana kan keken guragu yana tsarawa, har ya gabatar da wata rawa mai suna Nearly Ninety a 2009, shekarar da ya rasu. Aikin mai tsarawa shi ne sanin inda za a tsayar da mutum biyar a fili, yaushe za a yi shiru, wane motsi za a zubar ko da ya yi kyau. Ido da kunne da haƙuri da mutane ke yin wannan.

Ki dakatar da tsalle da durƙuso daga yau. Ki ga likitan ƙashi, in ya ce a ɗauki hoton gwiwar a ɗauka, sannan ki bi mai gashin ƙashi har ya sallame ki da kansa. Kafin nan ki nemi abokan rawarki biyu, ki zauna a kujera ki tsara musu rawar minti uku, ki ɗauka a waya, ki kalla, ki gyara. In malaminku ya ce ba ki da gurbi sai da ƙwaya, ki nemi wata ƙungiyar.