Ita ce ta fara, don me ni zan je ban haƙuri?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni ce ma'ajin zumuntar mata a majami'armu. Wata takwas da suka wuce, bayan mun tara kuɗin zanen zumunta, aka samu giɓin naira 18,000 a lissafi, sai wata 'yar'uwa ta miƙe a gaban mata sama da arba'in ta ce ni na ci kuɗin. Raina ya ɓaci, na mayar mata da cewa da Allah ya ba ta 'ya'ya da ta san darajar mutuncin uwa, alhali na san shekararta goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Daga baya aka gano cewa mata biyu ne na rubuta sunayensu bisa alkawari, ba su kuwa biya ba. Tun daga ranar ba ma ga maciji da ita, ni kuma na daina cin Jibin Ubangiji. Uwar zumunta ta ce in binciki kaina in je in ba ta haƙuri. Ni aka yi wa ƙazafi, ita ce kuma ta fara. Shin wannan adalci ne? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

AMSA: 'Yar'uwa, kafin komai bari in tabbatar miki cewa an zalunce ki. A kira mace ɓarauniya a bainar jama'a, a cikin ɗakin sujada, ba tare da an tambaye ta ko an duba littafinta ba, abu ne mai ciwo, kuma duk wanda ya ce ki shafe shi kamar bai faru ba, bai yi miki adalci ba. Amma wasiƙarki ta ƙunshi laifi biyu, kuma ke da bakinki kika faɗi na biyun.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yesu ya yi magana a kan wannan hali a Matiyu 7:3-5, inda ya kwatanta mutumin da ke duban ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa alhali gungume na cikin nasa idon. Da yawa daga cikinmu muna tsayawa a nan, mu ɗauka cewa an hana mu ganin laifin kowa, amma aya ta biyar ta ce mutum ya fara cire gungumen, sannan zai gani sosai har ya iya cire hakin. Ashe hakin yana nan, cire shi ma wajibi ne, tsarin aikin kawai aka gindaya. Saboda haka binciken kai da uwar zumunta ta nema daga gare ki bai wanke waccan 'yar'uwa ba, ya dai sa ki fara da abin da yake hannunki.

To, mene ne yake hannunki? Na farko ƙarami ne, wato rubuta sunan wanda bai biya ba a layin waɗanda suka biya. Kin yi shi da kyakkyawar zuciya, amma shi ya haifar da giɓin, kuma ma'aji mai amana yakan amsa irin wannan kuskure a fili. Na biyun shi ne mai nauyi. Ƙazafin da aka yi miki lissafi ya wanke shi, yau babu mace a zumuntarku da take ganin kin ci kuɗi. Gorin da kika yi mata kuwa babu littafin da zai goge shi, domin kin taɓa wurin da ya fi ko'ina ciwo a rayuwarta, wurin da ba ta da iko a kansa. Ki karanta 1 Sama'ila 1:6-7 ki ga yadda gorin Feninna ya sa Hannatu kuka har ta ƙi cin abinci, a daidai lokacin da suke zuwa sujada a Shilo. Ki yi tunanin wannan baiwar Allah ranar Lahadi, an kira yara su fito su tafi makarantar Lahadi, tana zaune hannunta a cinya, maganarki tana dawo mata a kunne. Magana zarar bunu ce, kuma ina roƙonki ki tambayi zuciyarki a gaban Allah ko a ranar aka haifi wannan magana, ko kuwa ta daɗe a ajiye tana jiran dalili. Addu'ar da ke Zabura 139:23-24, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi ya san zuciyarsa, ita ce ta dace da irin wannan zama.

Game da wanda ya kamata ya fara zuwa, Littafi Mai Tsarki bai bar ƙofar jira ga kowa ba. A Matiyu 5:23-24, wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa an ce ya bar baikonsa a gaban bagade ya je su shirya tukuna. A Matiyu 18:15, wanda aka yi wa laifi an ce ya je ya nuna wa ɗan'uwansa laifinsa tsakaninsu su biyu. Ke kin shiga duka ayoyin biyu, kin ɓata an kuma ɓata miki, don haka ta kowace fuska tafiya ta hau kanki. Ta hau kanta ita ma, sai dai ba ita ta rubuto mini ba. Akwai abin lura a Filibiyawa 4:2-3, inda Bulus ya roƙi Afodiya ya kuma roƙi Sintiki, kowacce da sunanta, su yi zaman lafiya cikin Ubangiji. Mata ne da suka yi fama tare da shi a aikin bishara, kuma bai tsaya faɗin wadda ta fara ba.

Ina so in ja kunnen masu karatu a nan, domin na ga inda ake amfani da koyarwar binciken kai a danne raunana, a ce wa matar da miji ke duka ta je ta duba abin da ta yi masa. Wannan karkatar da Maganar Allah ne. Binciken kai na gaskiya yakan sa mutum ya ɗauki nasa kason cif, ba ya ɗora masa na wani. Don haka idan kin je, kada ki ce duk laifin naki ne, domin ƙarya ce.

Ki je gidanta da kanki, a lokacin da babu baƙi, ba ta waya ba, ba ta bakin ɗan aike ba. Ki ambaci abin da kika faɗa da sunansa, ki ce kin yi mata gorin haihuwa, kin yi zunubi, ta yafe miki. Ki kiyayi kalmar "amma", domin da zarar kin ce "amma ke ma", ban haƙurin ya koma shari'a. Maganar ƙazafin tana da ranarta, kuma idan ta ƙi amsa nata bayan kun zauna, Matiyu 18:16 ta ba ki damar komawa da mutum ɗaya ko biyu, uwar zumunta ta isa zama ɗaya daga ciki. Tunda a gaban mata kika yi gorin, ki nemi izininta ki janye shi a gabansu, idan ta ga hakan zai ƙara tona mata ciwo sai ki bi ra'ayinta.

Mai yiwuwa ta rufe miki ƙofa. Romawa 12:18 ta san da haka, shi ya sa ta ce a yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ya rataya a kanmu. Batun Jibin Ubangiji kuwa, 1 Korintiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya binciki kansa sannan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, kuma Bulus ya rubuta ta ne ga ikkilisiyar da rarrabuwa ta shiga har wajen cin jibin. Manufar binciken ita ce a gyara a dawo teburin, wata takwas na ƙauracewa kuwa sun yi yawa. Ki je wurinta kafin jibi na gaba, ki sanar da fastonku abin da kika yi da amsar da kika samu, sannan ki zauna a ci da ke.