Amsa: shafina na Cloud Storage ya ƙi nuna kwaɗon HTTPS

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka zuba fayilolin shafinka a bokitin Google Cloud Storage (ma'ajiyar fayiloli ta Google), ka haɗa da domen ɗinka ta CNAME (rikodin da ke juya sunan domen zuwa wani suna), yana buɗewa amma burauza tana cewa babu tsaro, an kuma ce sai ka sa lod balansa (mai karɓar masu ziyara ya tura su inda fayilolin suke) a gaba. Gaskiya aka faɗa maka. Ta CNAME, HTTP kaɗai bokiti yake bayarwa, ba HTTPS mai tsaro ba.

Aikin ba wuya. Ka ba allUsers (wato kowa da kowa) izinin Storage Object Viewer (na ganin fayiloli), ka saita index.html da 404.html, ka kama adireshin IP na dindindin, ka haɗa bokitin a bayan balansar, sannan ka nemi satifiket (shaidar tsaro ta HTTPS) irin wanda Google ke kula da shi, ka juya rikodin A (wanda ke haɗa domen da adireshin IP) zuwa wannan IP ɗin.

A satifiket ɗin ne na sha wahala. Na kwana biyu ina kallon matsayinsa a FAILED_NOT_VISIBLE, ina gogewa ina sake nema, ashe tsohon rikodin AAAA (irin rikodin A ne, amma na IPv6) na manta, yana can yana nuna tsohuwar sabar. Ina cire shi, kafin in dawo daga sallar la'asar ya koma ACTIVE. To ka duba DNS ɗinka (rikodin domen ɗinka) tukuna, kuma kada ka riƙa goge satifiket don gajen haƙuri, kowane gogewa sabon jira ne. Ka kuma kunna juyawa daga HTTP zuwa HTTPS, in ba haka ba wanda ya zo ta ƙofa ta 80 (ta HTTP) ba zai ga komai ba. In ka gyara shafi ka ga tsohon yana fitowa, ba aljanu ba ne, fayil na jama'a awa ɗaya ake ajiye kwafinsa sai in ka sauya Cache-Control (saitin tsawon ajiye kwafi).

Amma tsakani da Allah, shafin na mene ne? Balansar nan kuɗinta na tafiya ko ba wanda ya leƙo, kusan dala 18 a wata, alhali ajiyar fayilolin ba ta taka kara ta karya ba. Mu da muke biya da katin dala, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In shafin shago ne ko makaranta mai shafuka biyar, ka kai shi Firebase Hosting (wurin ɗora shafuka na Google), satifiket kyauta ne. Ni sai ranar da na buƙaci /api ya tafi Cloud Run (inda Google ke gudanar da manhaja), sauran su tafi bokiti a domen guda, na ga amfanin kuɗin.