Anti, Za Mu Tibet, Me Zan Shirya?

Tambaya: Salam Anti, ni 'yarki ce daga Jidda. Mu shida muka haɗa kuɗi za mu yawon buɗe ido yankin Tibet na ƙasar Chaina, ni dai hankalina bai kwanta ba, ance numfashi na wahala can, ga kuma maganar abincin halal. Dan Allah a ban shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Maganar numfashi gaskiya ce wlh, kar ki ɗauke ta da wasa. Tsayin wurin ne ke jawo ta, Lhasa babban birnin Tibet tana kan tsayin mita kusan 3,650, kinga ko Abha da mutanen Jidda ke gudu can shan sanyi wajen 2,200 ce kawai. Kwana biyun farko ki zauna ki huta, ki yawaita shan ruwa, banda sauri, kar ki ce ranar da kika sauka za ki hau matakalar fadar Potala, in kuma ciwon kai ya tsananta ko amai ya zo ki faɗa wa ɗan jagoranku nan take, a nemo miki iskar oksijin ko a sauko da ke ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne sikila, in akwai mai ita cikinku ko mai ciwon zuciya to lallai ya ga likita kafin a yanki tikiti.

Bizar Chaina kaɗai ba ta isa, sai da takardar izinin shiga Tibet, kamfanin tafiyar ne ke nemo ta.

Abinci kam ki kwantar da hankalinki, akwai Musulmi a Lhasa, ga babban masallaci kusa da kasuwar Barkhor, gidajen abincin halal na kewaye da shi. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri ko da bazara ce.