Me ɗaliban ilimin duwatsu ke zuwa nema a Sakkwato da Filato?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji uku a jami'a, yana karantar ilimin duwatsu da ma'adinai. Ya zo mini da maganar kuɗin tafiya, wai za a kai su Sakkwato su ga ƙasusuwan halittun teku, sannan Filato su ga duwatsu masu aman wuta. Ni dai ban taɓa jin teku a Sakkwato ba. Karatu ne wannan ko yawon buɗe ido? Kuma dutsen ba zai tashi da su ba? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka, in da hali ka biya masa. A fanninmu, ɗalibin da bai taɓa fasa dutse da gudumarsa ba kamar ɗan koyon ɗinki ne da bai taɓa taka keke ba.

Teku kam an yi ta a Sakkwato, sai dai babu ɗan Adam a lokacin balle ya ba da labari. Tsakanin shekaru miliyan 70 zuwa miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya riƙa kutsowa ta inda Hamadar Sahara take yanzu, ya mamaye ƙasar Tawa a Nijar da yankin Sakkwato. Da ya janye, sai ya bar taɓo da yashi da ɓawon halittunsa a jere hawa-hawa, suka daskare suka zama dutse. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, yawancinsa ɓawon waɗannan halittu ne. Idan ɗanka ya durƙusa a ramin haƙar ya duba da kyau, zai tsinci katantanwa da makankari waɗanda suka koma dutse, da wata ƙwallo mai zanen tauraro a bayanta, halittar da ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri. Ya ɗiga wa dutsen ruwan asid kaɗan, zai ga yana kumfa. Ni kaina ranar da na fara ɗaukar irin wannan katantanwa, rana na dukan ƙeyata, ga busasshiyar ƙasa iya ganin ido, na daɗe tsaye ban ce uffan ba.

A duwatsun da suka girmi waɗannan, wajen Dukamaje da Goronyo, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai haƙora, har masana suka sa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo.

Amma ba tsince-tsince ake kai su yi ba. Ana so ne yaro ya tsaya gaban gaɓar dutse ya karanta ta daga ƙasa zuwa sama, domin abin da ke ƙasa shi ya riga kwanciya. Zai auna kaurin kowane hawa, ya duba inda ya karkata da kamfas, ya zana a littafinsa, ya gane cewa nan ruwa ya yi zurfi, can kuma ya ja baya. Wannan idon ne gobe zai nuna masa inda za a haƙa rijiyar burtsatse a sami ruwa, maimakon a zuba miliyoyi a busasshen rami.

Filato kuma wani darasi ne dabam. A kewayen Panyam da Kerang cikin ƙaramar hukumar Mangu akwai tsaunuka masu kama da masaki a kife, kowanne bakin wuta ne da ya mutu, har wani ya tara ruwa ya zama tafkin Pidong. Haka Tafkin Tila yake a kusa da Biu. Baƙin dutsen da ke wurin ya fito ne a narke, da zafin da ya haura digiri 1,000, shi ya sa ba a samun katantanwa a cikinsa, sai 'yan ramuka inda iska ta tsere yana hucewa. Idan ya ruɓe yakan ba da jar ƙasa mai albarka, kuma dankalin Turawan da ake lodi daga Mangu da Bokkos yana cin moriyarta. Amfanin haɗa wuraren biyu shi ne, dutsen Sakkwato yana faɗin abin da ya riga wani, shi kuma dutsen wuta ana iya auna shekarunsa a ɗakin gwaji.

Batun tashi, kwantar da hankalinka. Babu wani dutse a Najeriya da aka rubuta ya yi aman wuta a tarihinmu. Mai rai yana Kamaru: Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, kuma a watan Agustan 1986 iska mai guba da ta ɓalle daga Tafkin Nyos, wanda shi ma bakin wuta ne da ya tara ruwa, ta kashe mutum fiye da 1,700.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne hanya. Gabashin Sakkwato, har da Goronyo, na fama da 'yan bindiga, wasu sassan Mangu ma sun sha rikici. Ka tambayi sashensu ƙauyukan da za a shiga, da inda za a kwana, da malamai nawa ne za su raka su. Sannan ka saya masa takalmi mai rufe idon sawu saboda maciji, da malafa, da gorar ruwa babba.