Gwanjo da safe, Yankari da rana: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Mu huɗu ne, ɗalibai a Yelwa, cikin garin Bauchi. Muna so ranar Asabar mu shiga kasuwar Wunti mu tsinci gwanjo, in mun gama mu karɓi aron motar yayan ɗayanmu mu wuce gandun dajin Yankari, mu dawo a ranar. Me za mu duba a kaya? Kuma tafiyar za ta yiwu?

Amsa: Samari, bari mu fara da kayan. Gwanjo a dila yake zuwa, a matse. Ranar da aka fasa dila, masu sari ne ke fara tsince na kirki, su rataye a hanga su tsawwala kuɗi, ragowar kuma a zube a ƙasa kan leda. Don haka kafin Asabar, ɗayanku ya leƙa Wunti ko kasuwar Muda Lawal ya tambayi mai kaya yaushe zai fasa sabuwar dila, ku yi sammako ranar.

Riga kuwa, a juya cikinta waje kafin a yi maganar kuɗi. Wuri uku ne ke tona asirinta: kwala, hammata da bakin hannu. Tabon gumi da ya koma rawaya a hammata da wuya ya fita, kome sabulun da aka sa masa, a ajiye ta kawai. A ɗaga ta saitin rana, ƙananan hujoji za su bayyana. A ja ɗinki a hankali da hannu biyu. In zare ya fara buɗe baki, ta kusa mutuwa. Maɓalli da ya ɓace ba matsala ba ne, tela zai sa wani nan take, sai dai ya zama hujjar neman ragi. Zif ɗin jins a ja shi sama da ƙasa sau uku, sannan a duba tsakanin cinyoyi, don nan yadin ke fara cinyewa. Ba wurin gwaji a kasuwa, saboda haka ku auna ƙugun wandon da ya yi muku daidai a gida, ku tafi da tef ɗin awo a aljihu.

Wajen ciniki, kada ka nuna zumuɗi a kan abin da ya fi burge ka. Ku haɗa kayan ku huɗu wuri ɗaya a yi musu kuɗi a dunƙule, mai kaya ya fi saurin sallamawa a haka. In ya ce albarka, a ƙara kaɗan cikin mutunci, shi ma abinci yake nema. Kamfai da singileti da safa kam, sababbi za ku saya.

Kada a sa ko ɗaya a jiki kafin wanki. Warin nan na gwanjo da kowa ya sani, wanki da rana ne maganinsa. A jiƙa kayan minti 30 a ruwan ɗumi da omo da ɗan Dettol, a wanke, a shanya a rana su bushe ƙayau, a goge da dutsen guga mai zafi har cikin ɗinki. Jins da duk mai launi mai duhu a wanke su daban, suna zuba.

Tafiyar kuma, gaskiya ba mu goyi bayan haɗa ta da kasuwa a yini ɗaya ba. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi a cikin Yankari, ya haura kilomita 110: a bi hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa ƙofar Mainamaji, daga nan ma akwai kusan kilomita 40 a cikin daji, inda ba a gudu. Awa biyu ke nan ko fiye. In kun bar kasuwa da azahar, sai la'asar za ku isa, ku dawo cikin duhu kuna karo da manyan motoci a hanyar Gombe. Ku yi gwanjo Asabar, ku tashi Lahadi bayan asuba, ku baro Wikki da ƙarfe uku.

Motar aro ba a san halinta ba, sai an bincika. Da safe, inji na sanyi, a duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki. A tabbata safaya na da iska, jak da sifanar taya suna but. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba robar ta bushe, zafin kwalta na iya fasa ta. In mota ta yi zafi a hanya, a tsaya a kashe ta, kada a buɗe lagireto sai ta huce. Ƙaramar mota za ta sha lita 25 zuwa 30 zuwa da dawowa, a cika tanki tun daga Bauchi. Ku yi karo-karo tun kafin a tashi, mutum ɗaya ya riƙe, kuma tsabar kuɗi, don sabis na yankewa a daji. Akwai kuɗin shiga, akwai na motar zagaya daji da ɗan jagora. Lasisin direba da takardun mota su kasance a hannu, a kuma sanar da gida inda aka nufa.

Dabbobi sun fi ganuwa da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki da ke sansanin yana nan da ɗuminsa, wajen digiri 31, rani da damina. Ku rufe gilashin mota, kada ku riƙe abinci a leda a fili, birai na sansanin fizgewa suke yi.

Tambaya: Ina da yara uku a Fadamar Mada. Yaushe ya fi dacewa in saya musu rigunan sanyi na gwanjo?

Amsa: Hajiya, a Satumba ko farkon Oktoba, kafin hunturu ya kama kowa ya ruga kasuwa kuɗi ya tashi. Ki ɗauki wadda ta ɗan fi yaron girma don ta kai shi baɗi. Ki ja robar wuya da ta hannu ki saki. In ba ta koma ba, ta saki ke nan har abada. Mai gashin tumaki kada ta ga ruwan zafi, tsukewa take yi. Ruwan sanyi za ki sa, ki shimfiɗa ta a kan tabarma ta bushe, rataya na sa ta zazzago.

Tambaya: Na sayi kambas na gwanjo mai kyan gani, kwana biyu ƙasansa ya marmashe. Cuta ta aka yi?

Amsa: Ba lallai ba ne, malam, mai kayan ma bai cika sani ba. Wani irin soson ƙasan takalmi in ya daɗe a ajiye danshi na cinye shi daga ciki, sama kuwa kamar sabo. Nan gaba ka lanƙwasa takalmin sosai, ka danna ƙasan da farce. In ya tsage, ko ya yi gari, ko ya manne maka a yatsa, bar shi. Ka gwada ƙafa biyun duka, da safa, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.