Matsar miƙar da kwandalolin poka da suka lauje

Ka tambaye ni ko za ka iya sa kwandalolin poka (waɗanda ake amfani da su a madadin kuɗi a wasan karta na poka) da suka lauje a cikin matsar benci ka danne su da ƙarfi su miƙe. A'a, ɗana. A sanyi ko dai su koma yadda suke da zarar ka sassauta, ko su tsage. Ɗumi ne ke tausasa su, hucewa a cikin matsi kuma ita ke tsayar da su a miƙe. Aikin noti riƙewa ne kawai.

Fara da sanin irin da ke hannunka. Waɗanda ake ce wa na yumɓu, wato waɗanda aka gasa cikin matsi a masana'anta, su ne ke karɓar wannan gyara. Na roba masu ƙarfe a ciki, da na tangaran, kada ka ɓata lokacinka a kansu. Gwajin lauje kuwa ba wuya: ɗora kwandala a kan gilashi ka ture gefenta da yatsa. Idan ta yi ta juyi a kan cibiyarta, ta lauje. Juya ɗaya fuskar ma ka gwada.

Kwandalar da aka fi sani faɗinta milimita 39 ne, kaurinta wajen 3.3. Don haɗa matsar, samo ƙarfen angul mai milimita 40 da 40, tsawon santimita 15, ka kwantar da shi kusurwa a ƙasa ya zama kwari, yadda kwandalolin za su jeru a tsaye su daidaita da kansu. Yi waldar falan ƙarfe mai kaurin milimita 10 a kowane ƙarshe. A nan yawanci ake kuskure. Walda na jan ƙarfe idan tana hucewa, don haka ka ɗan ɗiga ta tukuna, ka auna da sukwaya, sannan ka ƙarasa. Falan da ya karkace ko kaɗan zai fitar maka da kwandala mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya.

A falan guda ka huda rami, ka yi waldar noti na M12, wato na bolti mai kaurin milimita 12, bolti ya bi ta ciki. Dole boltin ya dace da tsakiyar kwandala, wato kusan milimita 27 da rabi daga cikin kusurwar. In lissafin ya dame ka, ajiye kwandala ɗaya a kwarin ka yi alama a cibiyarta. Kada bakin bolti ya taɓa kaya kai tsaye. Sa wani faifan ƙarfe mai kauri a gabansa, mai ɗan gurbi a baya inda bakin zai zauna, don ya tura ba tare da ya murɗa ba. Liƙa tef ɗin takarda a cikin kwarin saboda kada gefuna su kuje.

Tsakanin kowace kwandala da 'yar'uwarta sai ka sa mai raba su, abu mai santsi da ba ya laushi a wannan zafin. Kwandalolin tangaran marasa zane masu faɗin 39 sun fi komai. Wosha ba ta yi, domin raminta zai fito a fuskar kayan. Masu faɗin 43 ma ba sa yi a wannan kwarin, tunda cibiyarsu na hawa sama, gefen ƙasa ya rasa madogara. Goma da masu raba su goma sha ɗaya sun kai wajen santimita 7, kuma ya isa zubi ɗaya.

Wanke su da ruwan sabulu mai ɗumi da tsohon buroshin haƙori, su bushe sarai. Duk dattin da ka bari zai nutse cikin fuskar, ba ya kuma fita.

Jera su, ɗaure bolti da yatsu kawai har ya tsaya. Sa matsar a tanda mai ɗumin digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Celsius na minti 15. Ka ajiye naka ma'aunin zafi a kusa da kayan, domin lambar da ke jikin tanda ba abin dogaro ba ce a ƙaramin zafi, kuma zafin tanda na zarcewa idan wuta ta kama. Fito da ita da tsumma, ka ƙara kwatan juyi da sifana. Zaren M12 na tafiyar milimita 1.75 a juyi ɗaya, ka ga kwata bai kai rabin milimita ba, an kuma raba shi ga kwandala goma. Hannunka zai ce maka akwai sauran wuri. Kada ka saurare shi, laushin kayan ne kake ji.

Idan zafi ko matsi ya wuce kima, ƙananan layukan saman fuska za su shafe ta yi ƙyalli, zanen gefe ya dushe, launukan baki su bultso waje, rubutun zinariya ya manne a jikin mai raba su. Babu mai maido da wannan. Shi ya sa zubin farko ka yi shi da mafi munin kwandaloli biyu ko uku, ka ga yadda irin nasu ke ɗaukar zafi, don ba duka suke laushi a daidai lokaci ɗaya ba.

Bar su a ɗaure har ƙarfen ya huce gaba ɗaya, awa biyu aƙalla, ba ruwa ba firji. Kwance ka sake gwaji a gilashi. Wadda har yanzu take juyi, mayar da ita zagaye na biyu a wannan zafin dai, kada ka ƙara wuta. Idan za ka shafa musu mai don launi ya fito, sai bayan sun miƙe.