Me Ke Jan Matashi Ga Shigar Magneto?

Tambaya: Malam, ƙanena ya ɗinka alkyabba, ya haɗa kwalkwali da kwali, wai shigar Magneto yake yi. Me ya sa ya bar jarumai ya zaɓi mugu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro Magneto a 1963 a kamfanin Marvel na Amurka mai buga littattafan labarai na zane, kawai a matsayin abokin gaban X-Men, wato tawagar jarumai da aka haifa da baiwa ta daban. A 1981 marubuci Chris Claremont ya ba shi tarihi, cewa ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an kashe danginsa, shi ya sa ya sha alwashin ba za a yi wa nasa, wato masu baiwa irinsa, irin wannan kisan kiyashi ba, ko da kuwa zai zalunci wasu. Wannan rauni da ya rikiɗe ya zama zalunci shi ne abin da masoyansa ke muhawara a kai, kuma a ganina ya fi labarin jarumai da yawa zurfi. Kwalkwalin ma yana da dalili, domin shi ke hana Farfesa Xavier, shugaban X-Men mai iya karanta tunanin mutane, karanta tunaninsa. Ki tambayi ƙanenki ko yana ganin Magneto yana da gaskiya, ki saurari hujjarsa.